Tun Ran Gini Ran Zane: Rainon Zuciyar Yaro Kafin Ya Shiga Aji Ɗaya

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya





Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya sake haɗa fuskokinmu a wannan shekara, da salati ga Fiyayyen Halitta, ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro da ya ɗora mini nauyin yin magana a kan ilimi. Kwamitin ya bar mini zaɓin gefen da zan kama, ni kuwa na zaɓi gefen da ba mu cika kawo shi gaban taro ba, wato shekarun da ke tsakanin ranar suna da ranar da aka kama hannun yaro aka kai shi aji ɗaya.

Duk shekara idan mun taru, maganarmu ta ilimi ba ta wuce rufin ajin da iska ta yaye, da kuɗin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, da tallafin ɗalibanmu na jami'a. Waɗannan duka ayyukan alheri ne, Allah ya saka wa masu yi. Sai dai yaron da muke biya wa kuɗin jarrabawa yana da shekara 17 ko 18, ginin halinsa ya riga ya kai linta. Ko zai iya zama ya yi karatu na awa biyu ba a tsaye a kansa, ko zai iya jin magana mai zafi bai kai hannu ba, ko zai iya faɗuwa jarrabawa ya karkaɗe jiki ya sake, duk an aza harsashin waɗannan tun yana bayan uwarsa. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Ƙidayar shekarar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Kunci mutum dubu 111 da 'yan kai, yau kuwa mun haura haka nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ratsa Shuwaki ko 'Yandadi ko Gwarmai da hantsi ya ga waɗanda suka fi yawa a ƙofar gidajenmu: ƙananan yara ne da ba su isa shiga makaranta ba. Su ne batun jawabina.

Me ake nufi da rainon zuciya?

Malamin aji ɗaya yakan karɓi yara 'yan shekara shida, dukkansu ba wanda ya san baƙi, amma kafin mako biyu zai gane ba ɗaya suke ba. Akwai wanda idan an ƙwace masa fensir zai zo ya kawo ƙara. Akwai wanda zai kai cizo. Akwai wanda zai koma ƙuryar aji ya yi tsit, ko fitsari ya matse shi ba zai iya ɗaga hannu ya nemi izini ba. A cikin shekara 35 da na yi ina aikin koyarwa, na ga wannan bambanci yana raba wanda zai kai aji shida da wanda zai gudu a hanya, sau da yawa ma fiye da kaifin ƙwaƙwalwa.

Masana tarbiyya na zamani suna kiran wannan fanni bunƙasar yaro ta fuskar zuciya da zamantakewa. Mu kuwa muna da kalma ɗaya da ta tattara shi, ita ce kirki. A shekarar 1974 wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa nazari a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ku duba jerin da kyau. Kusan dukkansu sun tsaya ne a kan abu biyu, yadda mutum ke mallakar zuciyarsa da yadda yake zama da jama'a.

Waɗannan halaye suna da saiwa huɗu a ƙuruciya, kowace tana kan 'yar'uwarta. Ta farko natsuwa, wato jariri ya saba da cewa idan ya yi kuka akwai mai zuwa. Ta biyu, yaro ya san sunan abin da ke cin ransa, ya iya cewa ya ji haushi, ko ya ji tsoro, ko yana kewar babarsa. Ta uku haƙuri, ya iya jiran a zo kansa, ya iya jin an hana shi abu bai yi birgima har ya shiɗe ba. Ta huɗu tausayi, ya gane cewa ɗan'uwansa ma yana jin zafi kamar yadda yake ji. Yaron da bai natsu ba ba ya sauraro balle ya koyi faɗin damuwarsa, wanda kuma bakinsa bai iya faɗin fushi ba, hannunsa ne zai faɗa masa.

Abin da bincike ya tabbatar

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam takan kai kusan kashi 90 cikin ɗari na girmanta a wajen shekara biyar zuwa shida. Abin da ke ɗinke jijiyoyinta a wannan lokaci shi ne ba-ni-in-ba-ka tsakanin jariri da mai rainonsa: ya yi gwaranci a amsa masa, ya yi murmushi a mayar masa, ya nuna akuya a ce masa akuya ce. A shekarun 1970 wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya sa iyaye mata su yi wasa da jariransu, sannan su ɗaure fuska na ɗan lokaci, ba murmushi ba magana. Nan take jariran suka shiga neman dawo da hankalin iyayen, da abin ya faskara sai suka kau da kai suka fashe da kuka. Ashe jaririn da muke cewa bai san komai ba yana karanta fuskar uwarsa tun kafin ya iya zama.

A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an bi rayuwar yara fiye da 1,000 da aka haifa a 1972 da 1973. An auna yadda kowannensu ke iya kame kansa tun yana shekara uku. Sakamakon da aka fitar a 2011 ya nuna cewa da suka kai shekara 32, waɗanda suka taso da ƙarancin kame kai sun fi fama da rashin lafiya, da shaye-shaye, da matsalar kuɗi, da shiga hannun hukuma, ko da an yi la'akari da basirarsu da arzikin gidajensu.

Binciken da ya fi kama da halinmu shi ne na birnin Kingston a ƙasar Jamaika. A 1986 da 1987 likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24, 'ya'yan talakawa, waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Wasu aka riƙa ba su madara. Wasu kuwa ma'aikaciyar lafiya ke zuwa gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta yaba masa, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka sake neman yaran. Amfanin madarar ya dushe da tafiyar lokaci, amma waɗanda aka koya wa iyayensu wasa da hira an same su sun fi takwarorinsu samun kuɗin shiga da kashi 25 cikin ɗari, sun kuma fi ƙarancin shiga faɗa mai muni.

Kada wani ya ɗauka ina raina abinci. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Yaro mai yunwa ba shi da kuzarin wasa, uwa mai yunwa ba ta da sukunin hira. Shi ya sa tsarin raino da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka ƙaddamar a 2018 ya jera abu biyar tare: lafiya, abinci mai gina jiki, tsaro, damar koyo tun da wuri, da raino mai amsa kiran yaro. Darasin Jamaika shi ne, ko a gidan da babu wadata akwai abin da uwa ke iya bai wa ɗanta wanda zai bi shi har girma, kuma ba a saye shi a kasuwa.

Gadon da muka taras

Kakanninmu ba su karanta waɗannan bincike ba, amma sun tanadi mafi yawan abin da ake nema. Goyo ya sa jariri yana manne da jikin uwarsa yini guda, tana jin motsinsa kafin ya yi kuka. Kwana arba'in na jego sun ba mai haihuwa hutu a hannun dattijuwa, hankalinta ya tattaru a kan jaririnta. Tawai da waƙoƙin raino hira ce da wanda bai iya magana ba tukuna. Wasan jika da kaka ya ba yaro babban mutum guda da zai iya tsokana ba tsoro, ya kai masa kukansa idan an ɓata masa rai. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta nuna masa ƙarshen haɗama da yaudara ba tare da an taɓa lafiyar jikinsa ba. A dandali kuwa, langa da gaɗa da wasan 'yar tsana da ɓuya sun koya masa bin ƙa'ida, da jiran layi, da yadda ake shan kaye a dawo gobe. Cin tuwo a kwano ɗaya ya koya masa cin gabansa da barin loma ga ƙanensa. A saman wannan duka akwai ƙa'idar da ta ce ɗa na kowa ne.

Addininmu ya ƙarfafa wannan tausasawa. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, yakan kuma taƙaita salla idan ya ji kukan yaro don tausaya wa uwarsa. Da Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka nuna masa cewa mai hana jinƙai shi ma yana hana kansa. Haka nan ya kula da ƙaramin ƙanen Anas, Abu Umair, a kan ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Shugaban al'umma guda bai ga damuwar yaro a kan tsuntsu ta yi ƙanƙantar da zai wuce ta ba.

Amma gaskiya ɗaya ce, a cikin gadon akwai abin da ya kamata a sake dubawa. Akwai tsoratar da yaro da dodo ko da allurar likita don ya yi shiru. Akwai yayen da ake yi dare ɗaya, a raba yaro da nono da uwa gaba ɗaya ba shiri. Akwai kunyar ɗan fari, wadda asalinta ladabi ne ga surukai, amma a wasu gidaje takan kai uwa ta kasa rarrashin ɗanta, alhali kakar da a da take cike wannan gurbi ba ta gidan. Akwai kiran yaro da sunan banza, daƙiƙi ko shashasha, har ya yarda haka yake. Sannan akwai duka. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa kimanin yara shida cikin goma a Nijeriya sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Masu kafa hujja da horon salla su tuna cewa umarni ma sai a shekara bakwai, horo kuwa sai a goma. To, ina hujjar dukan ɗan shekara uku don ya zubar da koko? Bulala tana sa yaro ya bar abu muddin mai bulalar yana nan. Abin da muke nema shi ne yaron da zai bari ko ba kowa.

Abin da ya sauya, a gida da birni

A gida, babban gandu ya watse, gonaki sun tsattsage saboda gado, magidanta da yawa suna tafiya ci-rani da zarar an kai amfani gida. Uwa ta rage ita ce mai daka, mai ɗiban ruwa, mai 'yar sana'a, sai a ɗaura wa yarinya 'yar shekara bakwai goyon ƙanenta yini guda. Mutuwar aure ta yawaita, yaro ɗan shekara uku ya wayi gari yau a hannun kishiyar uwa, gobe a gidan kaka, jibi agola a wani gari, ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Wani kuma tun bai iya wanke jikinsa ba an ɗora masa allo an tura shi birni. Duk malamin da ya daɗe a ƙauye ya san fuskar irin waɗannan yara a aji, ko dai masu yawan faɗa ko masu yawan shiru.

Mu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas kada mu ɗauka mun tsira. Gidajenmu na birni get ne a kulle, babu kaka, babu dandali. Muna fita da sassafe mu dawo yara sun yi barci. Muna biyan kuɗi mai yawa a makarantun nazare inda ake zaunar da ɗan shekara uku a kan benci yana kwafar haruffa, a ba shi aikin gida, a yi masa jarrabawa, har a ce ya zo na goma sha biyar a aji. Ana hana shi harshen da yake iya faɗin damuwarsa da shi, mu kuwa muna murna ya iya gaisuwa da Turanci. Idan ya yi rigima sai a miƙa masa waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Dalilin a fili yake, waya ba ta amsa murmushi.

Akwai kuma maganar da ba ta da daɗin ji, amma taron 'yan'uwa ne. Da yawa daga cikinmu mukan zo gida mu ɗauki yarinya 'yar shekara tara ko goma mu tafi da ita birni ta yi mana raino. Yara biyu ne suka yi asara a nan: wadda aka raba da uwarta da makarantarta, da wanda aka danƙa rainonsa a hannun yarinyar da ita ma raino take buƙata.

Rabin aji da alkawarin hukuma

Lokacin da aka ƙaddamar da shirin UPE a 1976, wanda ya sa aka buɗe ƙofofin kwalejojin horon malamai ga irinmu, hankalin hukuma yana kan ɗan shekara shida ne. Dokar UBE ta 2004 ita ce ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilimin bai ɗaya. Manufar ilimi ta ƙasa ta wannan shekarar ta ce a wannan mataki wasa ne babbar hanyar koyarwa, a yi amfani da harshen uwa ko na yankin, kuma malami ɗaya ya riƙe yara 25. A 2007 aka fito da manufa ta musamman a kan rainon yara daga haihuwa zuwa shekara biyar, sannan bugun manufar ilimi na 2013 ya sanya shekara ɗaya ta share fage kafin firamare a cikin tsarin. Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024.

A takarda ke nan. Abin da idona ya gani a makarantun karkara da dama shi ne, ajin da muke kira rabin aji shi ne marayan makaranta. Shi ake bai wa ɗakin da ya fi lalacewa ko gindin bishiya. Shi ake tura wa malamin da aka rasa inda za a kai shi, ko a ɗauko ɗan aji shida a ba shi tsumagiya ya tsare su. Yaran sukan yini suna maimaita abin da ba su fahimta ba, darasin farko da suke ɗauka shi ne makaranta wurin tsoro ce. A ganina wannan aji shi ya fi cancantar malami mafi haƙuri da ƙwarewa a duk makarantar.

Shawarwari ga ƙungiya

Na farko, mu san halin da ake ciki. A kafa ƙaramin kwamiti ya zaga mazaɓunmu goma tare da sakataren ilimi da hedimastoci da kwamitocin kula da makarantu, ya rubuto makarantun da ke da rabin aji, yara nawa, wa ke kula da su, akwai tabarma, akwai ruwan sha, akwai makewayi. A kawo rahoton kafin taro mai zuwa, a kuma miƙa kwafinsa ga hukumar SUBEB, domin mai neman haƙƙi da lissafi a hannu ya fi mai neman sa da baki.

Na biyu, mu ɗauki aji ɗaya a kowace mazaɓa mu mai da shi abin koyi. Abin da ake buƙata bai kai kuɗin gina aji guda ba: inuwa, tabarmi, randa da moɗa, da alawus na wata-wata ga mace 'yar garin mai haƙuri da son yara. Kayan wasa kuwa ga kara, ga laka, ga ƙwarya, ga tsumma. A gayyaci tsofaffin garin su riƙa zuwa yin tatsuniya sau ɗaya a mako. A kafa sharaɗi ɗaya, ba a shiga wannan aji da bulala.

Na uku, a cikin tallafin karatun da muke bayarwa a ware gurabe ga 'ya'yanmu mata da za su karanci fannin rainon ƙananan yara a matakin NCE, bisa alkawarin za su dawo su yi wa gida aiki na wasu shekaru.

Na huɗu, mu kai saƙon cikin gidaje, domin shekara ukun farko a ɗaki ake yin su. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis suna kai ilimi ga matan ƙauyuka a tsarin 'Yan Taru. A zamaninmu ma mun ga yadda mata masu bi gida-gida suka taimaka har aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar shan inna ta daji daga Nijeriya a 2020. Reshen mata na ƙungiya zai iya haɗa kai da unguwarzoma da malaman Islamiyyar matan aure da ma'aikatan asibiti a ranakun awo da rigakafi, a riƙa tunatar da iyaye mata abubuwa masu sauƙi: ki yi wa jaririnki magana kina aiki, ki amsa gwarancinsa, ki faɗa masa sunan abin da yake ji, ki yaba masa idan ya yi daidai, ki yaye shi sannu a hankali.

Na biyar, muna roƙon limamanmu su ware huɗuba a kan haƙƙin ƙaramin yaro, su yi magana da iyaye maza musamman, domin ɗaukar ɗa da yi masa wasa ba ya rage wa namiji girma. Muna roƙon dagatai da masu unguwanni, idan rabuwar aure ta zo gabansu, a fara tambayar inda yaran za su zauna da yadda za su riƙa ganin iyayensu biyu, kafin a shiga lissafin kayan ɗaki.

Na shida ya shafi gidajenmu na birni, kuma ba ya buƙatar kwamiti. Mu ci abinci tare da 'ya'yanmu ko sau ɗaya a yini, waya tana ajiye. Mu yi musu Hausa. Idan za mu zaɓi makaranta mu je mu ga ko yaran suna wasa, mu ga fuskar malamar idan yaro ya yi kuka. Mu kawo su gida hutu su san kakanninsu, su ga yadda ake yanke gero. Wanda kuma ya ɗauko 'yar wani, ya sa ta a makaranta tare da nasa.

Bayan shekara ɗaya, ma'aunin nasararmu shi ne mu koma wurin malaman aji ɗaya mu tambaye su: yaran da suka fito daga waɗannan azuzuwa suna iya sauraro, suna iya jira, suna iya kawo ƙara da baki, suna zuwa makaranta da son ransu? Idan amsar ta zama e, karatu da lissafi za su samu wurin zama.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, duk matsalar matasan da muke kuka da ita a birane, ta daba da shaye-shaye da ƙwacen waya, waɗanda ke cikinta sun taɓa zama 'yan shekara uku a hannun wani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwara ɗanyen icce da sannu yake bi don kada ya karye. Yaran da ke rarrafe yau a Matan Fada da Ridawa da Bumai su ne za su riƙe wannan ƙungiya da wannan ƙasa bayan ba mu. Ina roƙon wannan taro kada ya tashi sai ya sanya su a cikin kasafin bana.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Allah ya shirya mana zuri'a, ya jiƙan iyayenmu da suka raine mu, ya ba ƙasar Kunci da Jihar Kano da Nijeriya zaman lafiya da damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.